Ɗiyar Ƙanwata

A bazarar da babbar yarinyar gidanmu za ta zauna jarrabawar bak, ta gama sakandare, na fara lura da moton ƙanwata, wato babur ɗinta. Da can sai ranar Juma'a take leƙo mu, ta ci dambu, ta tsokani yara, ta tafi. Sai ga shi kullum bayan la'asar ina jin moton yana fama da rairayin lungunmu. Ta jingine shi jikin dogon yaro, ta gaishe ni a tsaye, ta wuce ɗakin yarinyar, su saki labule. Ni kuwa ina tsakar gida da rariya a hannu.

Na ce babbar yarinyar gidanmu don haka bakina ya saba. Ɗiyata ce ta fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma a danginmu an riƙe ta da ƙarfi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta gaban mutane ba, in yara sun yi faɗa da ita ba na shiga. Da aka yaye ta aka kai ta Kelle wurin mahaifiyarmu, kuma ƙanwata, wadda lokacin tana ƴar lakwal, wato ƴar makaranta, ita ta goye ta har bayanta ya saba. Sai da yarinyar ta shiga kwaleji ta dawo hannuna a Gure. Ta taso tana jin ƙanwata na ce mini Yaya, ita ma ta ɗauka. Ƙanwata kuwa Inna take ce mata. Ban taɓa jin ciwon haka ba, ko kuma in ce ban taɓa barin kaina na ji ba.

Kunya tana hana baki, amma ba ta rufe ido. Na ga yarinyar ta daina zuwa lise, makarantarsu, wai ciwon kai. Salular da ba ta rabo da hannunta na gan ta a kashe ƙarƙashin matashi lokacin da na shiga shara. Sujadarta ta yi tsawo. Takan ɗauki buta ta zaga, ta dawo da fuska a wanke, ba kuwa alwala ta yi ba. In na dama fura da nonon da Fulani ke kawo mana, sai in ajiye a bakin ƙofarta in wuce. Kwanon ba ya dawowa wayam sai ranar da ƙanwata ta zo, daga baya ma na gane ita ke shanye rabi.

Babu irin abin da zuciyata ba ta saƙa mini ba. Wasu na yi istigfari a kansu tun kafin su gama zuwa.

Ran nan da ƙanwata ta fito daga ɗakin tana gyara mayafi, na kira ta daga madafa.

"Ke, zo ki riƙe mini tukunyar nan in tuƙa."

Ta zo ta tsuguna tana dariya. "Yaya, yaushe kika fara neman mai riƙe miki tukunya? Ke da kike tuƙa tuwon suna ke kaɗai."

"Tun da aka mayar da ni mai gadin moto a gidana."

Dariyar ta tsaya. Ta kama kunnen tukunya da tsumma, ta dubi wuta, sannan ta gaya mini da murya ƙasa ƙasa. A bikin wata ƙawar yarinyar, ƴanmata sun kulle kansu a ɗaki suna dilka da lalle, kowa da ɗaurin ƙirji, suna wasa suna ɗaukar juna hoto da salular ɗaya daga cikinsu. Bayan biki salular ta faɗi ta fashe, aka kai gyara. Daga can hotunan suka fita. Wani ya yanko nata ita kaɗai, ya rubuta ƙazamar magana a ƙasa, ya saka a shafin da kowa ke gani, har da sunan unguwarmu. Aka kwashe shi zuwa gurup na samari. Wani kuma da ba a sani ba ya riƙa aiko mata saƙo, wai ta turo masa wasu, in ba haka ba ya aika wa babanta.

Muciya ta tsaya a hannuna. Na yi salati, na ja innalillahi, tausayin yarinyar ya kama ni. Amma abin da ya fito bakina bayan haka shi ne, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da abin ya fito. Gidana ta zo da kayan lakwal a jikinta."

"Wa kuma ya sani?"

"Babanta. Sai da uba ake shigar da ƙara a komisariya, wurin ƴan sanda."

"To."

"Yaya, ita ta roƙe ni. Ta ce za ta iya ɗaukar kallon duk mutanen Gure, ban da naki. Kuma ke ma kin san kanki. Kaza ake yankawa ki shige ɗaki ki toshe kunne."

Allah ya gafarta mini, ciwo biyu na ji a lokacin, kuma na biyun bai jira na farkon ya lafa ba. Yarinyar da na yi naƙudarta ta wuce ƙofata da kukanta, ta ratsa gari a cikin wannan rana, ta kai wa wata. Watar kuwa ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda har yau Allah bai ba ta haihuwa ba, wadda nake yi wa addu'a a kowace salla. Da wane baki zan ce ina jin haushinta? Tuwon ranar ya yi gudaji.

Bayan magariba na tambayi maigidana. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ƙanwarki ta same ni a rumfa. Na yi shiru ne don ke." Kowa a gidan ya yi shiru don ni.

Ƙanwata ta sa na yi alkawarin ba zan nuna na sani ba. Saboda haka duk aikin da aka yi, daga bayan labule na bi shi. Ita malama ce a kwaleji, kuma ashe ba wannan ce yarinya ta farko da ta kawo mata irin wannan kuka ba. Na ji tana cewa ba a amsa wa mai barazana, ba a tura masa komai, ba a roƙonsa. A ɗauki hoton saƙonninsa a ajiye shaida, sannan a toshe shi. Na ji tana nuna mata inda ake dannawa a gefen kowane hoto a kai ƙara wurin masu shafin, abin da suke cewa sinyale, a zaɓi cewa an saka ne ba da yardar mai shi ba. Akwai kuma wani wuri da ta shiga, yarinyar ta ƙi, tana kuka, wai ba za ta sake tura hoton ko'ina ba. Ƙanwata ta ce, "Hoton ba ya barin salularki. Tambarinsa kawai suke ɗauka, kamar tambarin da makiyaya ke yi wa raƙumi. Duk kasuwar da aka kai shi za a gane shi, a tsare." Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jin daɗin bayanin, ina kuma jin haushin ba ni na yi shi ba. Ni ma na yi kwaleji har na ci jarrabawar birbe. Ni na koya wa wannan malamar haɗa baƙi a kan rairayin ƙofar gidanmu.

Rezo, wato layin waya, ba ya kamawa a ɗakunanmu, sai a kusurwa ɗaya kusa da garken awaki. Can suke zuwa su tsaya, su lulluɓe kawunansu da mayafi ɗaya don rana kar ta hana su ganin rubutu. Kai biyu a ƙarƙashin mayafin ƙanwata, awaki na jan gefensa. Ina wanke wanke ina satar kallo. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin kishin mayafi ba sai lokacin.

Wata rana daga ƙarƙashin mayafin na ji ƙanwata ta ce, "Saurara, ba ke kika yi abin kunya ba. Wanda ya sata, da wanda ya yaɗa, su za su tsaya gaban Allah da shi." Maganar da na kwana da ita kwana da kwanaki ke nan, ina juya ta, ina neman ta inda zan faɗa. Ita ta faɗe ta a sauƙaƙe, tsakanin korar akuya da gyaran takalmi. Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka. Na ce alhamdulillahi, na ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita.

Aikin ya ci lokaci. Wani shafin ya cire da wuri, wani sai da aka yi ta maimaita ƙara. A cire a nan ya ɓullo a can da wani suna, su sake komawa kusurwar awaki. Mai barazanar ya yi tsit bayan an shigar da ƙara. A hankali duk inda idon jama'a ke kaiwa ya zama babu hoton. Saura wuri ɗaya, wani gurup na samarin gari, rufaffe, wanda ba mai iya share abin da ke ciki sai shugabansa. Samarin ajinsu na ciki. Yarinyar ta ce muddin hoton na nan ba za ta taka lise ba, jarrabawa kuwa ta matso.

Sai ga ƙanwata a madafa, ba tare da na kira ta ba.

"Yaya, roƙo na zo."

"Ikon Allah. Ashe akwai inda moto bai zuwa."

"Tsokane ni son ranki, amma ki ji ni. Shugaban gurup ɗin ɗan ƙawarki ne, mai fada, majalisar samarin nan, a bakin tasha. Na same shi, ya ce mini, madan, ni ban saka ba, ban kuma hana ba. Zan iya komawa komisariya, amma kafin a kira shi a gama, maganar ta sake tashi sabuwa, jarrabawa ta wuce. Uwarsa ce kawai zai ji."

Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina da ta ce roƙo. Amma da ta tafi sai abin ya tsaya mini. Wannan ƙawar tawa tun muna amare muke biki tare. Ita ta zauna da ni ranar da na haifi yarinyar, ita ta fara yi mata wanka. Ta san a duk shekarun nan ko sau ɗaya ban buɗe baki a kan yarinyar ba. Uwa ba ta zuwa gidan mutane neman haƙƙin ɗan fari. In na yi, na sa yarinyar a kunya, na sa kaina, kuma maganar da za ta zaga gari ba ta hoton ba ce kaɗai, har da ta uwar da ta tsallake kara. Duk da haka na nemi izinin maigidana, na zuba sabon dabino na lambunan kwari a kwano, na ɗauki mayafi.

Na same ta tana tsince zogale. Muka gaisa, muka yi maganar zafi, muka yi ta ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, muka yi ta ciwon gwiwarta. Har na fara tunanin in tashi in koma. Sai na ji bakina ya ce, "Ƙawa, ɗiyar ƙanwata ce ta shiga wani hali."

Kamar na tauna kanwa. Abin da nake jin haushinsa a ɓoye, ga shi na ɗauka da bakina na miƙa wa ƙanwata gaban shaida. Amma ita ce kaɗai ƙofar da ke buɗe. Mace na iya tsayawa wa ɗiyar ƴar uwarta ko gaban wa, ta yi kuka ma in ta so.

Ƙawata ta daina tsince zogalen. Ta san ƙanwata ba ta da ɗa ko ɗiya. Ta dube ni, sannan ta ce, "Allah sarki. Ɗiyar ƙanwarki. Faɗa mini, me ya same ta?"

Da ta karɓi maganar a haka, sai harshena ya saku. Na faɗi yadda yarinyar take, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce yarinya ce mai salla, mai karatu, ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba, in ta ga tsohuwa da kaya sai ta karɓa. Na ce ta rame har wuyanta ya fito. Na yi kuka sosai, kuma ba wanda zai ce na yi rashin kunya, tunda ɗiyar ƙanwata nake yi wa. Ƙawata ta ce ta ji ƙishin ƙishin ɗin maganar a wurin wani bikin suna, amma ba ta san da hannun ɗanta ba. Ta aika aka kira shi.

Ya shigo da salula a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni. Yaro ne da na sha ba shi ƙosai yana ƙarami. Da ya ji maganar sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wallahi ba ni na saka ba."

Uwarsa ta ce, "Zauren wa aka shimfiɗa tabarmar?"

"Gurup ne kawai, kowa na saka abin da ya ga dama."

"In aka yi ɓarna a zaurenka, kai ake tambaya. Ubanka ya taɓa barin wani ya zauna ƙofar gidan nan yana zagin ɗiyar mutane?"

Ya ce ko ya share, akwai waɗanda suka riga suka ajiye a salularsu, ba abin da zai canza. Nan na sa baki. Na ce, "Wanda ya ajiye, tsakaninsa da Allah. Kai dai share zaurenka, ɗana."

Ya share a gabanmu, ya fitar da wanda ya saka. Da ya juyo da salular don mu gani, na dubi ƙafafuna, ƙawata ce ta duba. Har yau ban ga hoton nan ba, kuma ina roƙon Allah ya ɗauki raina ban gan shi ba. Uwarsa ta ce bai gama ba, sai ya yi magana da muryarsa ya aika musu, cewa duk mai hoton ya goge, duk wanda ya sake sakawa shi da kansa zai kai sunansa komisariya. Ya yi ta farko yana cin magana.

"Sake," in ji ta. "Kamar mai tallan da ba ya son a saya."

Ya ce, "To ɗiyar wa zan ce?"

"Ba za ka ce ɗiyar kowa ba. Ka ce ƴar uwarku musulma."

Ya sake, muryarsa ta fita. Na bar musu dabinon na dawo.

Da la'asar na gaya wa ƙanwata, ta shiga ɗakin da saurinta. Ina daga madafa na ji yarinyar ta fashe da kuka, irin kukan da ake yi in an sauke kaya. Na ji tana cewa, "Inna, Allah ya saka miki da Aljanna. Inna, ban san me zan yi miki ba." Ƙanwata ta fito idonta jawur, ta ce, "Yaya, wannan zalunci ne. Bari in gaya mata ke ce." Na ce a'a. In ta san ni na je, ta san na sani, kuma ita ta ce kallona ne ba za ta iya ɗauka ba. Na jawo albasa na hau yanka, ko da yake miyar ranar ba ta neman albasa.

Washegari ta koma lise a bayan moton ƙanwata, ta rungume ƙugunta. Na leƙa ta zaure har suka sha kwana. Ban ce kishin ya tafi ba. Na dai koyi zama da shi kamar yadda ake zama da ciwon gwiwa.

Tun daga lokacin wasu ƴanmatan ke zuwa, ɗaya na gaya wa ɗaya. Har da wani yaro matashi da kunya ta kusa kashe shi. Gidana ƙanwata ke kawo su, don ba mai zargin shiga gidan matar aure, kuma kusurwar awakin na nan. Ita ke aikin salula, ni ke dama fura. In abin ya tsaya a kan wani ɗan da uwarsa ce kawai za ta iya da shi, in ɗauki mayafi. Duk gidan da na shiga da ɗiyar ƙanwata nake farawa, har ƙawata ta ce mini ƙanwar nan tawa ta fi kowa zuri'a a Gure. Ba kowane hoto ke ɓacewa duka ba, ba kuma kowace uwa ke saurara ba. Akwai wadda ta ce mini yarinyar kirki ba ta tsayawa a ɗauke ta, na tashi na yi mata sallama.

Amma safiyar jarrabawar ce nake yawan tunawa. Ƙanwata na waje tana ta fama da moto ya ƙi tashi. Ina hura wuta na ji mutum a bayana. Yarinyar ce, da hijabinta a goge.

"Yaya."

"Na'am."

"Ba a shiga da salula. Ki riƙe mini."

Innarta na ƙofar gida, da jaka a rataye, ba ta kai mata ba. Na goge hannu na karɓa. Ba ta tafi ba. Ta faɗa mini lambobin da ake buɗe ta da su, a hankali, ta maimaita. Sannan ta ce, idonta a kan tukunya, "Akwai wani sabon wuri da ya ɓullo, ba su amsa ba tukuna. In saƙonsu ya shigo, ki duba."

Ban tambaye ta wa ya gaya mata ba, ko tun yaushe ta sani. Na ce, "Allah ya ba da sa'a. Ki yi bisimilla kafin ki buɗe takarda." Ta ce amin, ta fita. Na ƙulle salular a gefen zanena, duk inda na juya tana bugun cinyata.

Da hantsi ƙanwata ta dawo ita kaɗai, ta shiga ɗakin, ta ɗaga matashi, ta fito.

"Yaya, ina salular yarinyar nan? Zan duba ko mutanen nan sun amsa."

"Tana inda mai ita ta ajiye ta."

Ta dubi ƙullin zanena, ta dube ni. Ta miƙo hannu.

"Na riga na je wurin awaki," na ce. "Sun amsa. Sun cire."

Ta tsaya da hannun a miƙe, sannan ta fara dariya har ta zauna kan turmi. "To ba ni in gani da idona mana."

Na ce amana ba a ba da aronta, in yarinyar ta dawo ta tambaye ta. Na zuba mata fura a babban kwano, na cika shi har baki.